Ɗinkin Yaƙi, Ɗinkin Dior ko Sakakkiyar Riga: Wanne Ya Kamata a Kai wa Tela?

Duk macen da ta sayo turmin atamfa ko yadin leshi ta zauna tana duba hotunan ɗinki a waya, ko ta sani ko ba ta sani ba, tana zaɓe ne a tsakanin fasali uku da aka yi yayinsu ɗaya bayan ɗaya a Landan da Paris da New York, daga 1941 zuwa tsakiyar shekarun 1960. Na farko shi ne ɗinkin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mai tsayayyar kafaɗa da miƙaƙƙen siket, wanda ƙarancin yadi ya haifar. Na biyu shi ne wanda Christian Dior ya fito da shi a 1947, mai matsattsen ƙugu da bazazzen siket. Na uku kuwa ita ce sakakkiyar rigar da ke saukowa daga kafaɗa ba tare da ta nemi ƙugu ba, wadda ta bayyana a tsakanin 1954 da 1958. Telolinmu sun ba su wasu sunaye, sun ƙara musu tsawo da hannu domin su dace da suturarmu, amma ƙashin ɗinkin yana nan yadda yake, kuma kowanne yana ɗauke da halin zamanin da ya haife shi: yawan yadin da yake ci, da irin gwanintar da yake nema a hannun tela, da abin da yake ɗora wa jikin mai sanye da shi. Hoto yana nuna riga ne a tsaye na ɗan ƙanƙanen lokaci, ba ya nuna halinta bayan an wuni da ita a gidan biki, shi ya sa sanin yadda aka yi kowane ɗinki ya samu ya fi hoto amfani wajen zaɓi.

Ɗinkin yaƙi doka ce ta yanka shi kafin almakashi ya taɓa shi. A Birtaniya an fara rabon tufafi da kati ranar 1 ga Yuni, 1941, inda kowane baligi yake samun maki 66 a shekara, rigar mace ta ulu guda ɗaya kuma tana cin maki 11 daga ciki. An yi ta rage makin yayin da yaƙin ke tsananta, ba a kuma soke tsarin ba sai a watan Maris na 1949. A 1942 gwamnati ta shiga har cikin aikin tela, ta ƙayyade cewa rigar mace kada ta wuce aljihu biyu da maɓalli biyar, ta taƙaita yawan ninki a siket, ta hana kwalliyar da ba ta da amfani sai ado. Kayan da aka ɗinka bisa ma'aunin gwamnati suna ɗauke da tambarin CC41, kuma an nemi manyan masu zana tufafi na Landan, irin su Hardy Amies da Digby Morton da Edward Molyneux, su fitar da samfuran da masana'antu za su kwaikwaya. Amurka ma ta kafa tata dokar a watan Maris na 1942, mai lamba L-85, wadda ta ƙayyade tsawon siket da faɗin bakinsa, har kalmasa ma ba a yarda ta wuce inci biyu ba. Abin da ya fito daga wannan takura shi ne riga mai tsayawa ƙasa da gwiwa kaɗan, da kafaɗa mai soso a miƙe irin ta kayan soja, da siririyar ɗamara a ƙugu ba tare da matsi ba.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma wannan ɗinki ya nuna cewa idan yanka ya yi kyau, yadi kaɗan yana iya fitar da mace cikin kamala. Wajen yadi uku ya isa rigar a tsawonta na asali, kuma ko an tsawaita ta zuwa idon sawu, turmi guda zai ba da riga da ɗankwali har ya yi saura. Ga malamar makaranta ko ma'aikaciyar ofis, wadda ke son kayan da za ta sa sau da yawa ba tare da an gaji da ganinsu ba, yana da wuya a samu wanda ya fi shi. Aibinsa biyu ne, kuma duka a fili suke. Soson kafaɗa yana riƙe gumi, yana kuma lanƙwashewa bayan wanki kaɗan, sannan yana ƙara wa mace mai faɗin kafaɗa faɗin da ba ta nema ba, don haka wadda Allah ya ba ta kafaɗa gara ta ce wa tela kada ya sa soson gaba ɗaya. Na biyu shi ne miƙaƙƙen siket an yi shi ne don tsawon gwiwa. Da zarar an kai shi ƙasa sai ya ɗaure taku, ya sa hawa adaidaita sahu ko matakala ya zama aiki. Maganin da ya fi yi wa siket tsaga kare mutunci shi ne a sa ɓoyayyen ninki a baya daga gwiwa zuwa ƙasa, wanda ke buɗewa idan an taka ya rufe idan an tsaya.

Akwai wata rigar wannan zamani da ta cancanci a ambace ta ko a gurguje. A 1942 Claire McCardell ta New York ta fitar da rigar aikin gida ta yadin denim mai babban aljihu, wadda ake naɗewa a gaba, ana sayar da ita dala 6 da santi 95. Rigar da ake naɗewa ba ta damu da ƙarin ƙiba ko rama ba, kuma ta fi kowace sauƙi ga mai shayarwa.

Ranar 12 ga Fabrairu, 1947, a gida mai lamba 30 a titin Montaigne da ke Paris, Dior ya nuna kayansa na farko yana da shekara 42, bayan ya yi wasu daga cikin shekarun yaƙin yana aiki a gidan ɗinkin Lucien Lelong. Ya cire soson kafaɗa ya bar kafaɗa ta gangaro a zagaye, ya matse ƙugu iya matsewa, ya cika kwankwaso, ya saki siket mai yalwa har tsakiyar ƙwauri. Carmel Snow, editar mujallar Harper's Bazaar, ita ce ta laƙaba wa salon sunan New Look, wato sabon salo, sunan kuma ya bi shi. Kayan da aka fi tunawa da su daga wannan rana su ne kwat ɗin da ake kira Bar: 'yar riga ta siliki mai launin madara wadda ke bazuwa a kan kwankwaso, da baƙin siket na ulu mai ninki-ninki. Duk rigar da telolinmu ke sa wa 'yar baza a ƙasan ƙugu tana da dangantaka ta kusa da wannan kwat. Yana da kyau a san wanda ya zuba kuɗin buɗe gidan, domin yana bayyana abubuwa da yawa: Marcel Boussac ne, babban attajirin masaƙun auduga na Faransa, mutumin da kasuwarsa ke bunƙasa duk lokacin da siket ya ƙara faɗi. Wasu rigunan Dior na wannan lokaci sun ci yadi 20, alhali matan Birtaniya suna ci gaba da lissafin makin kati.

Ba kowa ne ya yi maraba da shi ba. Jami'an gwamnatin Birtaniya sun soki salon a matsayin almubazzaranci, a birnin Dallas na Amurka kuma mata suka kafa ƙungiya don kare siket mai tsayawa ƙasa da gwiwa kaɗan, suna ganin ana so a mayar da su zamanin kakanninsu bayan sun ɗanɗani sauƙin kayan aiki. Duk da haka salon ya yi rinjaye, domin matan da suka yi shekaru suna faci da juya tsofaffin kaya suna ƙishin yalwa. Gimbiya Margaret ta Ingila ta rungume shi tun da wuri, rigar da aka ɗauke ta hoto da ita don cikarta shekara 21 a 1951 ma Dior ne ya ɗinka. Ban ga laifin waɗannan mata ba, kuma ban ga laifin amaryar yau da ke son irinsa ba, domin a cikin fasalin nan uku babu wanda ya kai shi cika ido idan mace ta shigo taro.

Sai dai abin da hoto ke ɓoyewa a wannan ɗinki ya fi abin da yake nunawa yawa. Rigar Dior ba ta dogara da surar mai sanye da ita ba, tana zuwa ne da tata surar, wadda aka gina daga ciki kamar yadda magini ke jera azara kafin ya yi rufi. A ƙarƙashin yadin da ido ke gani akwai shafi mai kauri, da ƙarafa ko ƙasusuwan roba da ke tsayar da gangar rigar, da ɗamarar ciki mai janye ƙugu, da ɗan cikon da ke ɗaga kwankwaso, da fatari mai hawa-hawa na raga wanda ke tallafe siket. Idan aka cire waɗannan don rage kuɗi ko zafi, siket ɗin sai ya kwanta, ƙugun ya tattare, rigar ta zama wani abu dabam da wanda aka nuna wa tela. Idan kuma aka bar su, to mai rigar ta ɗauki nauyi da zafi ke nan. Wannan shi ne tushen mafi yawan saɓanin da ake samu tsakanin mace da telanta a kan irin wannan ɗinki: ita ta biya kuɗin abin da ta gani a waje, shi kuma ya ɗinka abin da ke waje kawai, babu wanda ya yi maganar ciki. Kafin a ajiye yadi, ya kamata a tambayi tela ko ya taɓa ɗinka riga mai ƙashi a ciki, a kuma nemi ya juyo wadda ya gama a ga bayanta.

Lissafin yadin ma ya kamata a yi shi tun a kasuwa. Turmin atamfa yadi shida ne, faɗinsa kuma inci 45 da 'yan kai. Siket mai cikakkiyar da'ira wanda zai kai idon sawu yana bukatar tsawon kamar inci 40, a haɗa da wajen inci 5 na ramin ƙugu, ya zama 45. Ana yanka shi rabi biyu, kowane rabi yana cin inci 90 na tsawon yadi, duka biyun inci 180, wato yadi biyar cif. Saura yadi ɗaya ke nan na gangar riga da hannu, ɗankwali kuwa babu maganarsa. Wadda ke son wannan ɗinki da dogon hannu da ɗauri, turmi biyu za ta saya, ko kuma ta yarda da rabin da'ira, ko ta haɗa atamfar da wani yadi marar zane. A lokacin anko wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda kowa turmi ɗaya take karɓa, kuma sau da yawa ba a samun ƙari.

Akwai kuma matsalar zane, wadda ban cika jin ana maganarta ba alhali ita ce ta fi ɓata aiki. Dior ya fi amfani da yadi marar zane ko mai ƙananan furanni, wanda duk ta inda aka juya shi ɗaya ne. Atamfa kuwa yawanci tana da sama da ƙasa, tana da babban zane da aka tsara don a gan shi a shimfiɗe a jikin zani. Idan aka yanka ta da'ira, zanen da ke tsaye a wani ɓangaren siket sai ya kwanta a wani ɓangaren, idan kuma aka tattara ta a ƙugu sai zanen ya ɓace a cikin ninki, kuɗin da aka kashe don kyansa ya tafi a banza. Ban da haka, wuraren da yankan ya faɗa a karkace suna miƙewa bayan an rataye rigar, bakin siket ya zama wani gefe ya fi wani tsawo. Tela mai hankali yakan rataye siket ɗin ya kwana kafin ya daidaita bakinsa ya yi kalmasa, wanda ke gaggawar Sallah kuwa ba ya samun wannan lokaci. Saboda haka idan zuciya ta kafe a kan ɗinkin Dior, leshi marar nauyi, ko yadi mai launi ɗaya, ko atamfa mai ƙananan zane da ba su da fuska, su ne suka dace da shi.

Sannan ga jiki. Ɗinkin da ya rataya a ƙugu yana daidai ne da awon ranar da aka auna. Inci biyu na ƙari ko ragi sun isa su fitar da shi daga amfani, kuma gyaran riga mai ƙashi a ciki kusan sabon ɗinki ne. Ga matar aure da ke tsakanin ciki da goyo, wannan yana nufin rigar da ta fi kowace tsada a akwatinta ita ce mai gajeren rai. Zama a kan tabarma da ita wahala ne, ruku'u da sujada sun fi, cin abinci a ƙoshi ma sai an yi tunani. Akwai kuma wani abin lura ga masu yafa babban mayafi ko sa hijabi: duk kyan wannan ɗinki yana a ƙugu ne, wurin da mayafin ke rufewa, sai a wayi gari an sha matsi saboda adon da ba a gani sai a cikin gida. Haka zancen yake ga ɗaya fuskar salon Dior, wato matsattsen siket mai bin jiki har ƙwauri, wanda ya nuna tun 1947 tare da bazazzen. Shi ba ya cin yadi, amma ya haɗa matsin ƙugu da ɗaurin taku.

Masu ɗinkin Paris da kansu ba su daɗe ba suka fara neman hanyar fita. Coco Chanel, wadda ta rufe gidan ɗinkinta a 1939, ta sake buɗewa ranar 5 ga Fabrairu, 1954, tana da shekara 70, kuma ba ta ɓoye ƙyamarta ga kayan da ke ɗaure mace ba. Jaridun Faransa ba su yi maraba da ita ba, har da dalilin alaƙarta da wani jami'in Jamus a lokacin mamayar Paris, amma matan Amurka suka yi ta saye. Kwat ɗinta 'yar riga ce marar kwala marar soso, mai aljihu na gaske, mai sakakken jiki da hannun da aka ɗinka sama sosai a hammata don a iya ɗaga shi, da siririyar sarƙa a cikin bakin rigar wadda nauyinta ke sa ta sauka daidai. Yadin ulun da ta yi amfani da shi ba na zafin Kano ko Maraɗi ba ne, in ban da 'yan makonnin hunturu, amma dabarar tana aiki a kan auduga mai ɗan kauri, kuma ga macen da aikinta ke bukatar riga ta sama a kan doguwar riga, wannan yankan ya fi na yaƙi taushi.

Dior da kansa ya sassauta ƙugu a 1954 da salon da ya kira H, sannan a farkon 1955 ya fitar da salon A, mai ƙunci a kafaɗa da buɗewa a hankali zuwa ƙasa, wanda har yau telolinmu ke kiran irinsa da sunan wannan harafi. Cristóbal Balenciaga, ɗan ƙasar Sifen da ya buɗe gidansa a Paris a 1937, shi ne ya kai abin ƙarshe: a 1955 ya fito da doguwar taguwa a kan siket, a 1957 kuma ya fito da rigar da ba ta da ƙugu sam, wadda aka yi wa laƙabi da buhu, aka yi ta yi mata dariya a jaridu. Bayan rasuwar Dior a watan Oktoba na 1957, matashin da ya gaje shi, Yves Saint Laurent, mai shekara 21, ya nuna salon Trapèze a watan Janairu na 1958, riga mai kama kafaɗa da ƙirji kaɗan sannan ta buɗe ta bar jiki. A cikin shekara 11 kacal, gidan da ya matse ƙugun matan duniya shi ne ya sake shi.

A ganina wannan fasali na uku shi ne ya fi dacewa da yawancin masu karanta wannan rubutu, kuma dalilin farko yana cikin yadin da muke da shi. Balenciaga yana son yadi mai tsayuwa da kansa, wanda ke tsayawa nesa da jiki, har ya sa kamfanin Abraham na Switzerland ya saƙa masa wani siliki mai tauri da ake kira gazar a 1958. Shadda mai kyau da sabuwar atamfa suna da irin wannan hali, suna riƙe fasali ba tare da fatari ko ƙarfe ba. Gaban rigar da bayanta fili ne a shimfiɗe, don haka babban zane yana fita cikakke, a tsaye, yadda masaƙa ta nufa. Doguwar riga ta wannan yanka da dogon hannu tana cin kusan yadi huɗu, ɗankwali ya fita daga sauran. Iska tana shiga tsakanin yadi da fata, ana zama da ita a ƙasa, ana sallah da ita, tana ɗaukar farkon ciki da bayan haihuwa ba tare da an koma wurin tela ba, kuma tana shiga ƙarƙashin mayafi lafiya lau domin adonta yana wuya da hannu da baki. Ba baƙon fasali ba ne a idonmu, tunda bubu da taguwa tun asali daga kafaɗa suke rataya. Bambancin shi ne wannan an yanka ta ne a kan awon kafaɗa da ƙirji, ba yalwar yadi kawai aka zuba ba.

Haɗarinta yana cikin sauƙin da take nunawa. Tela da yawa suna ɗaukar sakakkiyar riga a matsayin aikin yaran shago, su yanka gaba da baya iri ɗaya, su faɗaɗa ko'ina, sai rigar ta fito ta cancanci laƙabin da aka yi wa ta 1957. Riga marar ƙugu ba ta da inda za ta ɓoye kuskure, domin duk nauyinta yana kan ɗinkin kafaɗa da ramin hannu. An san Balenciaga da warware hannun riga ya sake ɗinkawa har sai ya zauna, ko da kuwa saura kaɗan a nuna kayan. A wurin gwaji, ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai kan ƙashin kafaɗa, kada ya zubo kan dantse sai in da gangan aka yi; gaban rigar ya samu ɗan tsuke a gefen ƙirji don kada bakinta ya ɗage a gaba; idan an ɗaga hannu, kada duk rigar ta biyo shi sama. Gajeriyar mace mai jiki ta nemi buɗewa kaɗan, wato salon A na 1955, ta bar Trapèze mai faɗi ga dogaye, domin faɗin ƙasa yana rage tsawo a ido. Leshi mai nauyin duwatsu kuma ba ya son wannan yanka, yana jan kafaɗa ƙasa yana kashe buɗewar.

Abin da ya biyo baya a shekarun 1960 tsawo ne ya canza, ba ƙashin ɗinki ba. Mary Quant, wadda ta buɗe shagonta Bazaar a titin King's Road na Landan a 1955, da André Courrèges a Paris a 1964, sun ɗauki wannan sakakkiyar riga suka gajarta ta sama da gwiwa, kayan kanti na masana'anta kuma suka fara karɓe kasuwa daga manyan gidajen ɗinki, har Balenciaga ya rufe nasa a 1968. Gajeren tsawon ba ya cikin zaɓin mafi yawanmu, don haka ba sai an tsaya a kansa ba. Abin da ya fi kusa da mu shi ne aikin Shade Thomas, wadda ta karanci zanen tufafi a Landan ta dawo Legas a 1960 ta buɗe shagonta, ta riƙa ɗinka kayan zamani da yadin gida irin su adire da saƙin Yarabawa, ta kuma mayar da zani siket mai zif don matan da ke fita aiki. Ita ma tambayar da ta yi wa kowane salo na Turai ita ce ko yadinmu da rayuwarmu za su ɗauke shi.

Wadda ke da turmi ɗaya na atamfa mai babban zane, tana kuma son ta sa kayan a suna da walima da ziyara har shekara biyu ko uku, ta zaɓi salon A ko Trapèze, ta kashe abin da ta rage na yadi wajen biyan telan da ya iya kafaɗa. Wadda ke neman kayan aiki na kullum daga yadi marar zane, ta ɗauki ɗinkin yaƙi ba tare da soso ba, da ninki a bayan siket, ko kuma 'yar rigar Chanel a kan doguwar riga idan wurin aikin yana da na'urar sanyaya ɗaki. Ɗinkin Dior na amarya ne a daren dina ko ranar kamu, da ƙawar da ta san cewa na rana ɗaya take saye, tana da yadin da ya isa, ta ga cikin aikin telanta da idonta, ta kuma ba shi aƙalla gwaji biyu kafin ranar. Idan ana son kamanninsa ba tare da nauyinsa ba, akwai tsaka-tsaki da ke aiki: a ɗaga yankan ƙugu sama kaɗan zuwa ƙasan haƙarƙari inda jiki ya fi siranta kuma bai cika canzawa ba, a yi siket rabin da'ira maimakon cikakkiya, a sa shafin auduga ban da ƙarafa, a kuma roƙi tela ya bar inci ɗaya na yadi a cikin kowane ɗinkin gefe don ranar da za a bukaci buɗawa.